Tulun da Aka Yi wa Shaidar Wata

Kin ce 'yarki ta ishe ki, yau ta kwaikwayi tafiyar wance, gobe maganar wance. Saurara, ƙanwata. A wani ƙauye na magina tukwane, wuri ɗaya mata ke gasa kayansu, don haka kowace tana da shaidar da take zanawa a wuyan tulu tun yumɓu na ɗanye. Wata maginiya tana da 'ya mai shekara goma sha biyar, hannunta ya faɗa, amma ba ta da shaida. Ta fara da ta uwarta, ta ce shaidar ta tsufa. Ta ɗauki ta gwaggonta, ta gaji da ita. Daga nan ta koma wa ta wata ƙawarta da ake yabo, layi uku da ɗigo, har ɗaurin ɗankwalin ƙawar ta kwaikwaya. Uwar tana kallo, dariya na cin ta.

Ana nan yarinyar ta gina wani tulu da ba ta taɓa yin mai kyansa ba, kwana huɗu tana shafarsa. Da wuta ta mutu aka zo rabon kaya, sai ƙawar ta ɗauke shi ta haɗa da nata. Ba sata ta yi ba, shaidarta ta gani. Yarinyar ta koma gida ta sha kukanta. Uwar ta ji tausayinta ƙwarai, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Yumɓu bai ƙare ba." Da ta sake zama gini, sai ta lura babban yatsanta na barin 'yar loɓawa a bakin kowane tulu, domin bahaguwa ce. Da can goge wurin take yi don kunya. Ran nan ta bar shi. Ashe ta wurin nan ruwa ke zuba siriri ba ya fantsama, har mata a kasuwa suka riƙa neman tulun bahaguwa. Tun daga nan babu wadda ta ƙara ɗaukar mata kaya, ko ɗaurin ɗankwalin ma ta koma yin nata, karkatacce, kuma ya yi mata kyau.

To, ki bar taki ta yi ta aro, ki dai sa ido. Da kanta za ta gane gaskiyar Hausawa da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.