Layin da Uwa Za Ta Yi Magana

Ɗanta ya dangwara shafin wasan kwaikwayonsa a teburin maɗaba'arta.

"Mama, kin yi kuskure. Mai magana kaɗai ake buga wa suna da gajerun manyan baƙaƙe. Uwar nan abinci kawai take kawowa ta fita."

"Ni na koya maka dokar."

Shafi bayan shafi ta jera, uwar tana cikin baka biyu, tana zuba ruwa, tana kwashe kwanuka. A na ƙarshe sai ta tsayar da sunanta, gajere amma a miƙe, ta bar fili gabansa.

"Haka zan buga, ko na fasa."

"To me za ta ce?"

Ta tura masa alƙalami. "Ja kujera, marubuci. Zan gaya maka."