Mai Ƙararrawa a Bayan Kuramochi

Ƙararrawar ta sake kaɗawa a bayansa. Kuramochi ya ƙara danna feda.

Tun da ya yi ritaya ya sayi keken hawan dutse, ba wanda ya taɓa wuce shi a bakin magudanar ruwan nan. Haka dai yake cika wa matarsa Setsuko baki kullum. Yau ga wani ya manne masa tun daga gangaren dutse. Hanya siririya, ruwa a dama, gonar shinkafa a hagu, ba halin waiwaye.

"Kaɗa da kyau, yaro!" ya faɗa yana haki. "Sai dai ka yi fiffike!"

Ya ƙara wuta, ƙararrawar ma ta ƙara. Gwiwar da likita ya ce ya lallaɓa ta soma zugi. A kwana taya ta zame, ya yi alkafura cikin taɓon shinkafa.

Wata tsohuwa mai dashe ta ɗago malafa tana kallonsa.

"Iya, ina ɗan iskan ya bi?"

"Wa? Kai kaɗai na hango, ɗan nan, kana ta faɗa da iska."

Ta jawo keken, sai ƙararrawa ta kaɗa. Ashe a ƙarƙashin sirdi take, ɗaure da jan zaren saƙar Setsuko.

"Ta korar beyar ce, manyan namun dajin nan masu kai wa mutane hari, bana sun sauko gari," in ji tsohuwar. "Matarka na sonka."

Kuramochi ya share taɓo daga girarsa.

"To, amma dai kin shaida bai wuce ni ba."