Mutumin da Ya Kafa Tunga

Nazifi, matso kusa. Mahaifiyarka ta ce tun da ka buɗe kamfanin nan naka na haɗa manoma da masu saye ta waya ka ɗauke ƙafa daga gida, in ma an same ka amsarka ɗaya ce, komai lafiya. Ga shi kuwa ina ganin rigarka ta yi maka yawa. Ni kawunka ban san kan wannan sana'a taku ba, amma bari in ba ka misalin wani mutum, ka ɗauki abin da ya yi maka.

Wani manomi ne gonar gado ta yi musu kaɗan, shi da 'yan'uwansa. Garin yawon neman ƙasa ya ci karo da wani fili a gefen fadama, baƙar ƙasa mai kyau, babu mai nomawa. Ya dawo gari ya yi ta bin mutane yana kwatanta musu. Da yawa suka yi masa dariya, wasu 'yan gidaje suka yarda, na farkon da ya ɗaure kayansa kuwa wani maƙeri ne, abokinsa tun ƙuruciya. Suka sare daji, suka kafa bukkoki, suka haƙa rijiya, aka shiga kiransa Mai Tunga. Daminar farko ta yi albarka. Kullum da almuru magidanta kan fito da tuwonsu ƙofar gidansa a yi ciyayya ana raha. Da rani ya tsananta sai ya lura ruwan rijiyar yana ja baya, har guga ya fara haɗowa da laka. Hankalinsa ya tashi. Ya ce a ransa shi ya kawo mutanen nan, da bakinsa ya yi musu alkawari, in suka ga ya karaya kowa zai karaya. Sai ya haɗiye maganar. Ya riƙa fita daji shi kaɗai yana neman inda za a sami wani ruwan, ya dawo a gajiye bai samo komai ba. Abinci ya daina yi masa daɗi, barci ya ƙaurace masa. Ya bar fitowa ciyayya, don yana tsoron kada a jefo masa tambaya. Matarsa in ta matsa sai ya ce gajiya ce. Maƙerin yakan zo ya zauna kusa da shi, shi kuwa sai ya ɗauko zancen garma da iri, har abokin ya gaji ya tashi. Mutum ne a tsakiyar jama'ar da suka bar garinsu dominsa, amma babu ko ɗaya da ya san abin da ke cinsa.

Su kuwa mutanen suna kallonsa. Sun ga ya rame, sun ga in an gaishe shi baki ne ke amsawa, ido na wani wuri. Da yake bai faɗa ba, kowa ya fassara yadda ya ga dama. Wannan ya ce fushi yake yi da su, wancan ya ce ya yi nadamar kawo su, wani ya ce ai shirin sulalewa yake ya bar su a daji. Da aka kammala girbi na biyu, gidaje suka fara komawa gari ɗaya bayan ɗaya. Maƙerin ne na ƙarshe, ya riga ya tura iyalinsa gaba. Yana ɗaura uwar maƙera a kan jaki Mai Tunga ya zo ya tsaya, ya buɗe baki ya faɗa masa maganar rijiya, hawaye na zuba. Maƙerin ya saki igiyar ya dube shi.

“Rijiya? Ai matanmu ke jan ruwan, tun bara suke ƙara wa guga igiya. Jira muke ka yi magana mu haɗu mu haƙa wata. Ba ƙishirwa ta kore mu ba, aboki. Ganinka muka yi kamar ka gaji da mu.”

Ya rungume shi, ya ce duk ranar da ya aiko zai zo, sannan ya kora jakinsa. Da yamma ta yi Mai Tunga ya fito ƙofar gida ya zauna. Bukkoki na nan tsaye, rumbuna na nan, amma hayaƙi daga gida ɗaya kawai yake tashi.

To, Nazifi, yaran da ke aiki tare da kai ba makafi ba ne, matarka ma haka. Abin da kake jin ka rufe, sun daɗe da gani, dalilinsa ne kawai ka hana su. Ka sami wanda ka yarda da shi ka amayar masa, in abin ya fi ƙarfin hira ka je ga likita, babu abin kunya a ciki. Ka yi tun suna kusa, domin Hausawa sun ce, labarin zuciya a tambayi fuska.