Mai Lambun Da Aka Zaunar Don 'Yan Dubiya

Tunda ka ce jiya aka sallamo mahaifinka daga asibiti, ga shi kuma tun da hantsi na ga takalma sun fara taruwa a ƙofar gidanku, matso nan in ba ka wani misali kafin ka koma ciki.

An yi wani dattijo mai lambun albasa a bakin fadama, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan jigo, yana ɗebo ruwan ban lambu. Wata safiya yana ban ruwa sai guga ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya saki, ya faɗi cikin albasarsa. Aka kai shi asibiti. Da za a sallame shi, likita ya kira matarsa da babban ɗansa ya yi musu bayani a natse. Ya ce hanyar da jini ke bi zuwa ƙwaƙwalwar wannan bawan Allah ta tsuke, abin da ke wucewa kaɗan ne. In yana kwance, kansa a ɗan tashe bisa matashi, jinin na isa, amma in aka miƙar da shi zaune ya daɗe, sai ya gaza hawa. Ya ce a riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan, a tallafe hannun da ya mutu, kada a ɗaga shi ta nan. Zama kuwa a koya masa kaɗan kaɗan, da an ga jiri a kwantar da shi. Matar ta gane sarai, don ta daɗe tana jin mijinta na cewa ruwa ba ya hawa tudu don kansa. Ta shimfiɗa masa a ɗaki, tana juya shi, tana ɗaga shi in za ta ba shi kunu. Har bakinsa ya fara komowa. Yana iya cewa bismillah, yana iya neman ruwa, yatsun hannun nan ma sun fara motsi.

Sai labari ya bazu, 'yan dubiya suka taso. Ga surukai, ga mai unguwa, ga fataken albasa da suka saba sayen kayansa. Babban ɗan ya duba ya ce ai ba zai yiwu surukai su shigo har ɗaki su tarar da mahaifinsa kwance ba hula kamar kayan wanki ba, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi a gaban baƙo ba. Aka fito da babbar rigar Sallah, aka cusa mataccen hannun a ciki, aka cicciɓi tsohon ta hammata zuwa zaure, aka jingina shi da bango, aka kafa masa hula, aka shafa turare. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya ce lallai jiki ya yi kyau, ga shi har yana zaune. Ɗan yana jin daɗin wannan magana, yana raba goro. Daga hantsi har la'asar, in waɗannan sun tashi waɗancan su zauna. Tsohon kuwa gumi na tsattsafo masa, idonsa na rufewa, kansa na langaɓewa. In ya langaɓe sai ɗan ya gyara masa hula, ya ƙara masa matashi a baya. Hannun yana lilo har kafaɗar ta fara zamewa, amma faɗin riga ya rufe ta.

Matar na cikin gida tana jin komai. Ba ta iya shiga zaure cike da maza, ga surukai, shi kuma ɗan nata ɗan fari ne, wanda tun haihuwarsa kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ko ta tsaya doguwar magana da shi ba. Sau ɗaya ta daure ta tsaya bayan ƙofa ta ce, "A shigo da shi haka nan, ya gaji." Ɗan ya ce, "Inna, mutanen nesa ne, bari su tashi." Ta koma ɗaki. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, har ranar da tsohon ya sulale gefe ana tsakiyar addu'a. Aka mai da shi asibiti. Likita ya duba shi, ya tambayi yadda yake kwanciya a gida, da ya ji sai ya ce aikin gama ya gama. Wurin da ke jin ƙishi a ƙwaƙwalwar, wanda dā yake da sauran rai, ya bushe, kamar albasar ƙarshen lambu da ruwa bai kai gare ta ba.

Tsohon ya yi shekaru bayan haka, amma bismillar nan ba ta sake fitowa daga bakinsa ba. 'Yan dubiya suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, fatake suka sami wani mai albasa, riga ta koma akwati. Yanzu kam yana kwance dare da rana kamar yadda likita ya so tun farko, sai dai kwanciyar ba ta da abin da za ta ceto. Matar ce kaɗai ke juya shi.

To, tashi ka koma gida, wanda ya zo gaisuwa ya gai da mahaifinka a inda yake kwance. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.