Furen da Baba Ya Kawo daga Bakin Teku

Shekarar da rana ta yi husufi, Baba ya dawo Daura daga Ikko da ɗan fure a gwangwani, da yashinsa na bakin teku. Ya daɗe da yi wa Inna alkawarin nuna mata teku. Ta tafi biki Baure, sai ya ba ni amanarsa.

Da la'asar na tarar furen ya tsuke. Na yi ta tofa masa Ƙulhuwallahu.

"Baba, ya mutu!"

"Haba uwata, barci yake. Irinsu da hantsi suke buɗewa."

Ban yarda ba. Har yau in na ga fure a tsuke, gabana faɗuwa yake.

Washegari da hantsi Inna ta dawo, ta sami furen a buɗe. Ta shinshina yashin, ta ce, "Malam, na ga tekun. Ka fita, alkawari ya cika."