Manhajar da Ba Ta Son Jin Mugun Labari

Kai da ke alfahari wai manhajarka ba ta taɓa ba ka amsa marar daɗi ba, gyara zama ka ji. An yi wata matashiya da ta fara koyon rubuta manhaja, tana cikin ɗokin farkon nan da mutum ke jin kamar shi ya ƙera kwamfuta. Mahaifinta kuwa ƙyanƙyasar ƙwan zabi ce sana'arsa, da ɗan injin nan mai fitilar kananzir. Ƙwai ba ya son wasa: zafi ya yi yawa ya dahu, ya yi kaɗan ya zama baragurbi. Sai ta ce bari ta taimaki tsoho. Ta rubuta masa 'yar manhaja a waya: safe da rana da yamma ya duba ma'aunin zafi, ya shigar da lambar da ya gani, manhajar ta tara su ta raba, ta fitar masa da matsakaici. Da yake an koya mata cewa yatsa kan zame wajen danna lamba, sai ta ƙara wata dabara: duk lambar da ta kauce wa zafin da ƙwai ke so, manhajar ta ƙi karɓa, ta ce kuskure ne, a sake. Wannan dabara ta yi mata daɗi, har ƙawaye sai da ta nuna wa.

Kullum matsakaici sai ya fito tsaf, talatin da bakwai da ɗoriya. Amma ranar ƙyanƙyasa ta zo, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Tsoho ya kwashe ƙwan ya zubar. Ga damina ta ja baya, zabi sun kusa ɗauke ƙwai. Ya zuba na ƙarshe da ya samu, ya ce idan wannan ma ya lalace, sayar da injin zai yi ya huta. Hankalinta ya tashi, don ta san sana'ar nan ita ke fitar da shi daga shimfiɗa kowace safiya. Ta bi lissafinta layi-layi, tarawa daidai, rabawa daidai. Da abin ya ishe ta, sai ta rufe kwamfutar ta je ta zauna kusa da shi da tsakar rana, lokacin da kwanon ɗaki ke ƙara saboda zafi. Ya duba ma'auni, ya danna arba'in da ɗaya. Manhaja ta ce kuskure. Ya sake, ta sake ƙi. Sai ya ja tsaki ya danna talatin da takwas, nan take ta karɓa.

Ta ce, "Baba, me ya sa ka canza lambar?"

Ya ce, "To ai ita ce mai ilimin, 'yar nan. Abin da take so shi nake ba ta."

Ashe da hannunta ta toshe wa manhajar kunne, ta koya wa dattijo mai gaskiya faɗin abin da za a so ji. Ranar ba a yi la'asar ba sai da ta cire dabarar nan. Ta sa manhajar ta karɓi kowace lamba, in ta ga baƙuwa ta tambaya ko an tabbata, sannan ban da matsakaici ta riƙa nuna mafi girma da mafi ƙanƙanta. Abin da ya fito ba kyan gani: da rana ƙwan na gasuwa, da sassafe yana shan sanyi. Amma ka ga yanzu an san inda ciwon yake. Tsoho ya riƙa rage lagwani da hantsi yana buɗe taga, da magariba ya ɗaga shi. Ba duka suka ƙyanƙyashe ba, wasu tuni zafi ya riga ya taɓa su, amma wata safiya ta farka da kukan 'yan tsaki cike da gida, ta tarar da shi durƙushe gaban injin yana dariya shi kaɗai, yana ta ƙwala mata kira ta zo ta gani.

Saboda haka in ka ce mutane su ba ka lambobi, karɓi masu daɗi da marasa daɗi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.