Fijon Malam Attahiru

Ko rigar coci Habila kafinta bai tuɓe ba ya durƙusa gaban Fijon maƙwabcinsa, da gwangwanin man takalmi a hannu.

Tudun Wada kaf an san gobe Litinin kwamitin sojoji zai zo duba motar Malam Attahiru, akawun sito. Shekarar kuwa sallamar ma'aikata ake yi ta rediyo, mutum na cikin shan koko sai ya ji sunansa. Habila bai san kan aikin gwamnati ba, amma ya san soja: ba abin da ya tsana irin ƙazanta. Su ga motar nan haka, ai aikin Malam ya tafi.

Motar abin tausayi ce. Robar bamba ta koɗe ta yi fari fat, ƙarfen adon gefe ya dushe, kujeru an lulluɓe su da tsofaffin buhuna. Ga inuwar dogon yaro a ƙofar gida, amma kullum a rana take wuni. Sakacin 'yan boko sai su!

Sai dai Habila ba ya manta alheri. Ran da naƙuda ta kama matarsa Rifkatu, Malam Attahiru ne ya kai ta asibiti a wannan motar. Yau da Malam ya tafi ta'aziyya Wamakko a motar haya, damar ramawa ta samu.

Ya shure wani guntun samfefa da ya gani ƙarƙashin motar, ya kama aiki. Ya wanke farar ƙasar da ta manne wa robar, ya bi ta da man takalmi. Ƙarfen adon ya sha lemun tsami da tsumma. Buhunan ya yaye su, sai ga leda shar a kan kujeru. Aikin bai ba shi wuya ko kaɗan ba, har ya fara zargin ko kafinta ba ita ce sana'arsa ta gaskiya ba.

Kafin la'asar unguwa ta taru ana kallo. Ladan mai shayi ma gyara hularsa ya yi a jikin bamba.

Malam Attahiru ya sauko daga tasi, ya tsaya cak. Ya zagaya motar, ya dafa ta, sai hawaye. Daɗi ya kama Habila har wuya.

"Haba Malam, bar kuka," in ji shi. "Gobe duk wanda ya gan ta sai ya rantse sabuwa ce."

Malam Attahiru ya sulale ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu a ka.

"Ai sabuwa ta, Habila! Tun makon jiya nike gurzar ta da samfefa da farar ƙasa, don na rantse ma kwamitin binciken dukiya tsohuwa ta, gadon kawuna ta!"